Rigar Ɓarawo a Cikin Kwalba

Ban Non Sawang, bayan bikin watsa ruwa

Yaya Wilai,

Na san da gaisuwa ake farawa, amma in na fara da ita takardar za ta ƙare ban faɗi abin da ya sa na ɗauki biro ba. Na san ciwon da ke jikin Baba. Ba wanda ya san na sani, ko Inna.

Yanzu ina gaishe ki. Ina fatan kin koma Bangkok lafiya. Ni ce Lamduan, 'yar kawunki Tongbai, wadda ta kawo muku ruwa a gidan Gwaggo Buasi ranar da aka ɗaura wa Baba farin zaren neman lafiya a hannu, na zubar da rabi a kan tabarma. Kakarki da kakata uwarsu ɗaya. Na faɗa ne ko kin manta, don ranar ce kaɗai muka taɓa magana, kuma ke kika yi maganar, ni kai kawai na gyaɗa. Inna lafiya, ni ma lafiya, ɓaunarmu ta haihu.

Da muka kai Baba babban asibitin Khon Kaen, ni ce mai riƙon jaka. Likita ya kira Inna da Gwaggo ciki, aka bar Baba a benci, ni kuma ina tsaye bakin ƙofa. Mutane sukan manta ina wuri, saboda ba na magana. Na ji likita ya ce ciwon daji ne a bututun maɗaciya, cikin hanta, ya bazu, ba a iya yankewa. Ya ce watanni ne. Gwaggo ta ce, "Likita, don girman iyayenka kada ka gaya masa." A mota suka ce wa Baba tsutsar hanta ce kawai, irin ta kowa, ya sha ƙwaya ya huta.

Idonsa ya yi rawaya, jikinsa yana ƙaiƙayi. Ni nake shafa masa hoda a baya kullum da la'asar, ya ce hannun Inna ya cika kaushi. Tun da ya kwanta yake maganar alkawarin da ya yi wa Kaka kafin ta rasu, cewa zai aske kai ya shiga zuhudu a haikali na damina guda don ladan ya isa gare ta. Shekara da shekaru yana cewa baɗi, saboda gona. Bana ya ce tunda ba ya iya noma sosai, wataƙila lokacin ya yi.

Ga abin da nake roƙo. Ranar zaren, wani tsoho ya ce miki, "Wai ke me kike yi a Bangkok ɗin nan, ba miji ba gona?" Kika yi dariya kika ce kuna haɗa wani abu da ke koya wa jiki yaƙar ciwon daji, a cikin 'yan kwalabe. Gwaggo ta yi maza ta kawo zancen tsadar taki. Lokacin ne na zubar da ruwan.

Yaya, ki aiko mini da kwalba ɗaya. Ɗaya kawai. Ba zan gaya wa kowa daga ina ta fito ba.

Kada ki kira waya. Wayar gidanmu ɗaya ce, tana ƙugun Inna, ni kuma in an sa mini waya a kunne bakina yakan mutu. Ki aiko amsa shagon Dam, nan mai babur ɗin gidan waya yake ajiye wasiƙu. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na tsaya.

Ƙanwarki,
Lamduan

Bangkok

Ƙanwata Lamduan,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya, sai zafin garin nan da hayaƙin motoci. Yaya za a yi in manta ki? Siket ɗina sai da muka wuce Korat ya bushe. Rubutunki kuwa ya fi na rabin likitocin da na sani. Ki shafa mini kan ɗan ɓaunar.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na koma na zauna na sake karantawa. Kayan da kika ɗauka ya yi miki nauyi, ƙanwata. Sannu.

Bari in gaya miki abin da ke cikin kwalbar. Ciwon daji naman jikin mutum ne da ya kangare, shi ya sa sojojin jini, fararen ƙwayoyin da ke tsaron jiki, sukan wuce shi ba su gane shi ba. Amma yana ɗauke da wata alama a jikinsa, wani furotin da lafiyayyen nama bai cika yi ba. Ba ma iya samun alamar da yawa daga jikin marasa lafiya. Sai mu ɗauki umarnin da jiki yake bi ya ƙera ta, mu sa shi cikin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, mu yi kiwonsu a ruwa mai kalar shayi, inji yana jijjiga su dare da rana. Su ne suke ƙera mana alamar. Mu yi ta tacewa, har a gindin kwalba mai tsawon ɗan yatsanki a sami farin gari da kyar ake ganinsa.

Kin taɓa ganin an ba kare rigar ɓarawo ya sansana? To garin nan rigar ce. Muna nuna wa sojojin jini ita don su san wanda za su kama. A watan jiya, a cikin ɗan faranti, sojojin da muka nuna wa rigar suka auka wa ƙwayoyin ciwon suka cinye su. Sai da mai shara ta leƙo don ihun da muka yi.

Ba zan iya sa kwalba a ambulan in aiko miki ba. Tana son sanyin da ya fi na ƙanƙara, kuma akwai dokoki. Amma zan yi magana da shugabarmu, ta san likitocin Khon Kaen, in ji abin da za a iya yi wa Kawu. Ki ba ni lokaci.

Abu ɗaya kuma. Ki daina cin ɗanyen koi, daddatsen kifin nan namu. Tsutsar tana cikin kifin kogi, lemun tsami da barkono ba sa kashe ta, wuta ce kaɗai. Ita ce take cizon bututun shekara da shekaru har ciwon ya samu ƙofa. Na san wa nake gaya wa, 'yar mutumin da ake zuwa daga ƙauyuka don koi ɗinsa. Duk da haka na faɗa.

Yayarki,
Wilai

Ban Non Sawang, ruwan farko ya sauka

Yaya Wilai,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. An yi ruwa, kwaɗi sun hana kowa sakat. Ɗan ɓaunar na shafa miki shi, ya lashe mini hannu.

Wasiƙarki ta zo. Na karanta ta a bayan rumbu, na karanta a bakin rijiya, har ta fara yagewa a wurin ninki. Wajen farantin nan da sojoji suka cinye ciwon, na haddace shi. Na gane maganar sanyin. Na je wurin Dam na ce ya ba ni wuri a firizarsa ta askirim. Ya zaro ido ya ce, "A'a, yau 'Yar Shiru ce da magana? Me za ki ajiye, saurayi?" Na ce abu ne ƙarami. Ya ture ledojin ƙanƙara ya bar mini lungu. In sanyin bai kai ba ki faɗa, zan ce ya ƙara murɗawa.

Yaya, na yi wani abu, ban sani ba ko daidai ne. Ina shafa wa Baba hoda, sai na ji ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Na kasa jurewa. Na ce, "Baba, Yaya Wilai za ta aiko da magani daga Bangkok."

Ya juyo gaba ɗaya. "Wilai 'yar gidan Somjit? Mai tabarau?"

Na ce ita.

"Maganin tsutsa har daga Bangkok? Lalle tsutsata ta yi suna."

Na ce sabo ne, mai ƙarfi, ba a kai shi asibiti ba tukuna. Ban faɗi sunan ciwon ba, na rantse. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin bikin ruwa. Ya ci shinkafa mai danƙo rabin kwando. Ya ce in daddatsa kifi, zai haɗa koi da hannunsa. Na ce kin ce a riƙa dafawa. Ya ce, "Dafaffen koi? Wannan ai abincin 'yan birni ne marasa haƙori. Kawo jajayen tururuwan nan in zuba don tsami, 'yata." Na kawo. Ni ban ci ba, na ce cikina yana ciwo.

Washegari ya sa hula ya tafi haikali da ƙafarsa. Da ya dawo ya ce ya gaya wa babban malami a ɗage maganar zuhudu sai baɗi. Ya ce tunda magani yana hanya, gara ya warke ya yi noman bana, ya shiga da ƙarfinsa, ba ya je ya zame wa mutane kaya ba. Ya zuba iri a fadama da yamman nan.

Inna ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Gwaggo kuwa murna ta yi, ta ce ko ba komai an samu abin da zai riƙe masa zuciya.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna in tashi, in na tashi in rasa inda za ni. Shugabarku ta amsa? Yaushe zai iso? Ko wata ne ki faɗa mini, in san abin da zan ce masa.

Lamduan

Ban Non Sawang

Yaya Wilai,

Ina gaishe ki. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Ni da Inna lafiya.

An yi bikin harba rokoki an gama. Irin da Baba ya zuba ya isa dashe, ni da Inna da Gwaggo muke yi, shi yana zaune a kan kunya ƙarƙashin lema yana cewa layinmu ya karkace. Ya gwada shiga, ya sunkuya sau ɗaya, sai da muka ɗaga shi. Zaren da aka ɗaura masa a wuyan hannu yanzu yana zamewa har gwiwar hannu. Gwaggo ta ƙara masa ƙulli.

Duk sanda ya ji babur sai ya ɗaga kai. "Je ki duba, Lamduan." In je, Dam ya girgiza kai tun daga nesa. Ya daina tsokanata. Lungun firizar yana nan, bai sa komai a ciki ba.

A haikali an fara narka kakin manyan kyandirori. Kin san abin da wannan yake nufi. In wata na takwas ya cika aka shiga zaman damina, ba a ƙara aske kowa don zaman bana. Mutum biyu za su shiga daga ƙauyenmu. Da Baba ne na uku.

Ko na ɓata miki rai ne? Ko don na gaya masa? Ko shugabar ce ta hana? In kuɗi ake so ki faɗa, ina da 'yan kunne. In an kore ki a aiki saboda ni, ki yafe mini. Na yi tunanin in hau mota in zo, na je har bakin titi, na tuna ban san yadda ake tambayar hanya ba.

Ko layi ɗaya ne, Yaya.

Lamduan

Bangkok

Lamduan ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Lafiyata ƙalau. An tura ni Singapore wani aiki ba shiri, na yi fiye da wata. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a hannun mai gidan da nake haya. Ban kira ba don kin hana, amma sau da yawa na ɗauki wayar na ajiye.

Ba ki ɓata mini rai ba. Zan rubuta miki yanzu abin da ya kamata in rubuta tun farko, ba tare da zagaye ba.

Abin da ke cikin kwalbar ba magani ba ne. Babu maganin da ke hanya. A jikin kowace kwalba an rubuta cewa ta bincike ce kawai, ba a sa wa mutum. Ko na sato ta na kawo da hannuna, ko Kawu ya shanye guda ɗari, ba abin da za ta yi masa, wataƙila ma ta cuce shi. Riga ce kawai, Lamduan. Karen bai gama koyo ba. Abin da ya faru a faranti ya faru a faranti ne. Daga faranti zuwa jikin mutum akwai shekaru, kuma mafi yawan abin da ke aiki a faranti ba ya kaiwa. Na ji tsoron rubuta miki a'a, sai na ba ki labarin aikina, kika riƙe shi da hannu biyu. Kowa ma haka zai yi.

Na yi magana da shugabarmu, ta tambayi likitocin. Abin da kika ji a bakin ƙofa gaskiya ne. Ba za su iya warkar da shi ba. Akwai maganin da ke rage zafi sosai, kuma suna iya sa masa ɗan bututu ya rage ƙaiƙayin da rawayar ido. Wannan a je a karɓa, kada a jira.

Sun kuma ce suna ɗibar jinin masu irin ciwon, kaɗan, don a gwada ko sojojinsu suna gane rigunan da muke ƙerawa. Ba zai amfane shi ba, sai dai wasu a gaba. Kuma ba a ɗiba sai mutum ya san ciwonsa ya yarda da bakinsa. Ba roƙonki nake yi ba. Na faɗa ne don na daina ɓoye miki rabin magana.

Maganar a gaya masa ko kada a gaya masa, ba ni da bakin yankewa daga nan. Gwaggo ba mugunta take yi ba, ƙaninta ne, ita ta goya shi. Amma kin fi ni ganin wata a sararin ƙauye.

Ki gaya wa Dam ya mayar da ƙanƙararsa. In kin tsane ni, ki rubuto ki faɗa, zan karanta.

Wilai

Ban Non Sawang, an shiga zaman damina

Yaya Wilai,

Gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Inna lafiya, ni ma. Dashe ya kama, gonar ta yi kore.

Na tsane ki, amma bai daɗe ba. Na jefa wasiƙarki a kwandon kaji, na koma na ɗauko.

Wata yana ta cika, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Na fara da manya, don kada a ce ba ni da kunya. Muna cikin taɓo muna cike gurbin dashen da ya mutu, na ce, "Gwaggo, na ji abin da likita ya ce."

Ta miƙe da damin iri a hannu. "Ashe bebiyar tana da kunne."

Na ce maganin Bangkok ba ya zuwa, kuma Baba ya ɗage alkawarinsa zuwa baɗi saboda ni. Na ce ba shi da baɗi. Ban san na iya faɗin wannan ba sai da na ji shi a bakina.

"Rufe mini baki! Zare nawa muka ɗaura don mu riƙe masa kurwa a jiki? Ki faɗa masa, kurwar ta firgita ta gudu, gobe ki ga ya juya fuska bango. Ke za ki kashe shi, ba ciwo ba. 'Yar da ko gaisuwa ba ta iya ba, yau ita ce likita!"

Inna ba ta ɗago ba, tana ta dasawa. Ni ma na sunkuya. Da rana ta karkata, Inna ta wanke hannu a bakin kunya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Lokacin hodar babanki ya yi. Je ki. Ni da Gwaggonki muna da sauran layi, za mu daɗe."

Na same shi a ƙarƙashin gida, a gadon gora. Ya tuɓe riga ya juya mini baya kamar kullum. Da yana kallona da ban iya ba. Na zuba hoda na fara shafawa. Na ce, "Baba, maganin ba zai zo ba."

"An tare shi a hanya?"

Na ce babu shi. Na ce ba tsutsa ba ce kaɗai. Na faɗi sunan ciwon, na faɗi abin da likita ya ce game da watanni. Hannuna bai tsaya ba, don ban san me zan yi da shi ba in ya tsaya.

Sannan ya ce, "Wa ya sani?"

Na ce kowa.

"Har Dam?"

"Har shi."

"Shi ya sa nake cinye shi a dara tun bikin ruwa. Ɗan banza. Na zaci hannuna ne ya faɗa."

Na ɗauka dariya zai yi. Bai yi ba. Ya ɗauki rigarsa ya hau sama, ya juya fuska bango, daidai yadda Gwaggo ta ce. Kwanaki bai yi wa kowa magana ba, bai ci ba sai ruwan shinkafa. Gwaggo ta zo ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Kin gani?" Na gani. Yaya, a kwanakin nan na tabbata na kashe ubana. Ban yi kuka a gida ba, wurin ɓauna nake zuwa.

Wata safiya ya sauko da kansa, ya ce wa Inna, "Kun bar ni ina zuba irin da ba zan girbe ba." Inna ta ce, "Mu za mu girbe." Ya ce, "Kin yarda in tafi?" Ta ce, "Da ban yarda ba da ban tsaya a gona ba ranar da ta gaya maka." Dam ya kai shi haikali a babur. Babban malami ya ce ya zo, sauran 'yan zuhudu za su kula da shi, kuma in ranar asibiti ta zo a kai shi.

Mun je an sa bututun, ƙaiƙayin ya ragu sosai. A hanya ya ce, "To ita kwalbar Wilai ɗin ta mece ce?" Na ba shi labarin kare da rigar ɓarawo, yadda kika ba ni. Ya ce, "Ji mini yarinya. Ɓarawo yana cikin ɗakina a zaune, ita tana Bangkok tana ɗinka masa riga. Su ɗebi jinin, karenta ya sansana na gaske." An karanta masa komai, ya yarda da bakinsa, aka ɗiba. Ya ce in gaya miki in karen ya iya, a fara sakinsa a ƙauyukan bakin kogin Chi.

Ana gobe za a aske shi, ya kira ni da gwangwanin hoda, ko da yake ba ya buƙata kamar da. Ya ce, "Kin san in na sa rawayar riga ba za ki ƙara taɓa ni ba? Mace ba ta taɓa ɗan zuhudu, ko 'yarsa ce."

Na ce na sani. Tun ina cikin taɓo na sani.

"To shafa sosai."

Na shafa har gwangwanin ya ƙare.

An aske shi kafin wata ya cika. Gwaggo ce ta fara yanke gashin, tana kuka tana zagin almakashin. Har yau ba ta yi mini magana, sai dai ta ce wa Inna, "Gaya wa likitarki ta kawo tsintsiya." Ban san ko na ƙara masa kwana ko na rage ba. Ya rame fiye da da. Wata rana yana iya fitowa zagayen safe na karɓar sadakar abinci, wata rana ba ya iyawa.

Jiya ya fito. Na durƙusa a bakin hanya tare da mata, ya zo a ƙarshen layi, ba takalmi, a hankali. Ya buɗe tasar sadakarsa, na saki ƙunshin ganye a ciki daga sama, yadda yatsana ba zai goge shi ba. Koi ne dafaffe, da ɗuminsa. Ya ji ƙamshin ya gane. Ɗan zuhudu ba ya cin ɗanye, ba ya kuma zaɓen abin da aka sa masa. Na ga gefen bakinsa ya motsa, sai ya sunkuyar da ido ya yi mana addu'a tare da sauran, da muryar da ban san yana da ita ba.

Kin san yadda ake yi a gidajenmu. In an daddatsa kifi a raba biyu, na haikali a dafa, na gida a bar shi ɗanye. Yanzu wuƙar Baba tana hannuna, ni nake daddatsawa. Jiya ban raba ba, duka na zuba a tukunya. Inna ta ci. Gwaggo ta ture kwanon, daga baya na ga ta jawo shi.

Ban yi shawara da kowa ba, ba kuma zan yi gardama da kowa ba, don ban iya ba. Abin da ya shiga tasar Baba shi gidan nan zai riƙa ci. Dam ya kawo kifi ɗazu, na riga na hura wuta.

Ƙanwarki,
Lamduan